Ranar da Na Ɗaga Kai

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Auta yana karatu?

Lafiyata lau, ramar da kika gani a hoto ta wuce. Na dai ɗan sha wuya a kicin ɗin otal ɗin nan. Kin koya mini sunkuyar da kai gaban manya, babban kuku kuwa, da yake bai san al'adarmu ba, ya ɗauka raini ne, har ya kusa sallamata.

Sai ya tsiro da zama duk Litinin, ni da shi kaɗai. A nan bakina ya buɗe, muka fahimci juna.

Albishirinki, jiya ya damƙa mini girkin safe gaba ɗaya! Na kalle shi ido cikin ido na yi godiya. Ki yafe mini wannan, ki sa mini albarka.

Ɗanki