Kada a Ba 'Yan Gwangwan Kwamfutar Nan

Sharaɗa, Kano

Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya a Damagaram. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai gajiyar kamfanin roba, inda injina ke ruri tun safe har magariba.

Na ji maigidanki Lawan zai ba 'yan gwangwan tsohuwar kwamfutar shagona da na bari a wurinku. Ban ga laifinsa ba, ta daɗe tana tare masa ɗaki. Amma don Allah ku roƙe shi ya dakata.

Kun tuna wasan nan na ɗan tsalle-tsalle da 'yata marigayiya Mubina take yi a cikinta? Wani mai gyara a Dakata ya nemo mini shi, ya kunna a sabuwar kwamfuta. Kiɗan shi ne, amma muryar ba ita ba ce. Tasa har da ganga da sarewa, tas kamar rediyo. Tamu kuwa siririn fito ne daga cikin akwatin, yana ɗan karkarwa, shi 'yata take bi da baki tana dariya. Mai gyaran ya ce kowace na'ura da muryarta, irin tamu kuma an daina yi tuntuni.

Ba na son tayar muku da hankali, amma inji ya riga ya cinye mini kunnen hagu. Kamfani ya raba abin toshe kunne, gaskiya ne, sai dai bayan ɓarna ta auku. Na dama nake lallaɓawa zuwa Sallah, lokacin da zan zo gida.

A ɗora kwamfutar sama, kada ɓera ya ci wayoyin. Ina so in sake jin fiton nan tun ina iya ji.

Allah ya ji ƙan Mubina, ya sada mu da alheri.

Ƙaninku,
Dalhatu