Ni Kake Kewa Ko Talle?

Zuwa ga Issifou, sanyin idona, inuwar mangwarona, ruwan randata a tsakiyar zafin Dapaong,

Gaisuwa mai yawa daga Sakinatunka, wadda ta gaji. Wallahi na gaji, masoyina! Na gaji da aji mai yara saba'in, na gaji da hanyar Sokodé mai cinye rabin yini, amma duba waya ya fi komai gajiyar da ni.

Bayan kwana tara shiru, ga abin da ka rubuto: "Talle ya kai mataki na goma. Ka jera min manyan matsayin da ka fi so, mu zaɓa mashi kafin Lahadi. Ina kewar shi. Teburi ba daɗi tun da ya tafi."

Talle, maharbin da na ƙirƙira a takarda don wasan labarin da muke yi a kan teburi a rumfar Alassani! Ka tuna ranar da na fara jefa ƙwayar wasan nan mai fuska ashirin, kowace fuska da lambarta, ta gangara ƙarƙashin ƙafarka? Uku ta nuna, da idona na gani. Ka ɗago ta ka ce wa jama'a ashirin ce, Talle ya harbe dodo, ni kuma kibiyar a ƙirjina ta tsaya.

To amma wa ya tafi, hasken raina? Hausarka ta unguwar Zongo ba ta raba mace da namiji. Mahaifiyarka "shi", ƙanwarka "shi", ni ma tun ranar farko "kai" kake ce min. Ni da iyayena suka zo daga Maraɗi na sha yi maka dariya, har na koma son jin ta a bakinka. Yau ita ke hana ni cin abinci. Ni na bar teburin, Talle ma ya bar shi. Wanne kake kewa?

Tunda jeri ka nema, ga shi.

Na huɗu, Mai Shiga Inuwa, wanda ke ɓacewa ba a san inda ya nufa ba. Ban son shi ko kaɗan. Ina da irinsa ɗaya a Sokodé, ya ishe ni.

Na uku, Mai Kiran Hadari. Ga tsawa, ga walƙiya, teburi ya ɗauki ihu! Amma na ga irin hadarinsa a kan gonakin dawa na Tandjouaré, ya haɗu baƙi ƙirin, manoma su fito suna kallo, ya watse ba ɗigo ko ɗaya.

Na biyu, Mai Warkarwa. Kowa ya ji ciwo wajensa zai rugo, shi kuwa ba mai tambayar yadda ya wuni. Tausayi ne ya kai shi nan, don na san aikin. Ni ke kira, ni ke tambaya, ni ke nemo maka uzuri.

Na ɗaya, Jarumin Rantsuwa. Ba shi da kibiya mai wuta, ba shi da fuka-fuki. Dokarsa ɗaya ce, kai ka karanta mana ita: sai ya miƙe a gaban teburi ya faɗi sunan wanda ya rantse dominsa, in ya ƙi, takobinsa ƙarfe ne kawai. Ashe a wasa ma ana faɗin suna, ya farin watana?

Daraktan makarantarmu ya ba ni takarda. Ranar Juma'a ko in sa hannu in ƙara shekara biyu a nan Dapaong, ko in nemi komawa Sokodé. Ba zan bar aiki in tattara kayana saboda maharbin takarda ba. Saboda kai kuwa, ko a bayan babur mai ɗaukar doya zan zo.

Na saka takardar Talle cikin ambulan ɗin nan. In shi kake kewa, ga shi ya dawo maka, ka ba abokiyar wasanmu Zénabou ta ci gaba da shi. In ni ce, ban nemi waƙa ba, ban nemi doguwar wasiƙa ba. Kafin Juma'a ka rubuto min harafi biyu da bakinka bai taɓa sabawa da su ba: ke.

Ko ka rubuto ko ka yi shiru, zuciyata ta riga ta miƙe ta faɗi sunanka, kuma ba ta da wani a bayansa.

Taka har ƙarshen numfashi. Taka na ce, Issifou, ba naka ba.

Sakinatu