Lasifikar Mamman a ƙofar masallaci

Kurfi, daren Laraba, farkon damina

Allah ya isa tsakanina da Mamman, mai shelar ofishinmu na gona. Tun rani nake bin dattawan ƙauyen Birchi zaure-zaure a kan takin zamani. Shirin shi ne Liman ya fara zuba wa gonarsa ta bakin hanya, kowa ya gani da idonsa. Yau Mamman ya zo da motar En'e, wato hukumar gargajiya, ya kunna lasifika yana shelar taki a ƙofar masallaci ana tsakiyar La'asar.

Da Liman ya sallame ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, takin naku ya fi salla ne?" Ya sa aka maido mani buhun takin da na kai masa.

Sakaran kuwa murna yake, wai an ji shi har bayan gari. Gobe zan koma a ƙasa, ni kaɗai.