Na Rage wa Surukina Nauyi a Takarda

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku ji ni har ƙarshe, ni ma na ishi kaina da zargi.

Akawu ne ni a wani kamfanin sayar da siminti da shinkafa a nan Sakkwato. Tun da kuɗin mai suka shigo, gwamnatin soja ta ƙara albashi, kowa a ofishinmu ya ajiye keke ya hau babur, ga balangu kullum da rana, sai teɓa ta zama ado. Da ma'aikata uku suka kwanta da hawan jini cikin damina ɗaya, aiki ya tsaya, kamfani na ta biyan asibiti, sai manaja ya kafa doka: kowane wata a auna kowa a sikelin buhuna, wanda ya wuce ƙima a tura shi wurin Malam Isa, ma'aikacin lafiyarmu, ya duba jininsa. Ni aka ba aikin awon. To ga inda gizo ke saƙa: mai kula da sitonmu surukina ne, uban matata, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Jiki gare shi, ko hawa matakalar ofis sai ya huta sau biyu. Ranar farko ya tsaya gaban sikeli ya ce, "Ɗan nan, ni za ka ɗora bisa abin ga kamar buhun gero, bayan na ba ka ɗiyata?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, wuce abinka, an gama." Na rubuta masa nauyin da ko ni na fi shi. Wata tara ina haka. Wa zai ce wa surukinsa ya cire takalmi ya hau sikeli a gaban leburori? Ni a lokacin gani nake ladabi na yi.

Makonni uku da suka wuce Baba ya faɗi a cikin sito. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. Likita ya ce da an duba jininsa da wuri, da magani ya riƙe shi. Manaja ya ɗora laifin a kan Malam Isa, wai yana kallon mutum kamar wannan bai taɓa kiransa ba. Malam Isa ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda anka turo mani su nika dubawa." Bai ambaci sunana ba, amma ya dube ni, kuma wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. An ba shi takardar sallama, ƙarshen watan nan zai tafi, ga iyali.

Jiya ina juya Baba a kan gado, matata ta ce, "Allah shi saka maka, ko ɗan cikinsa bai yi mashi haka ba."

In na faɗi gaskiya Malam Isa zai tsira da aikinsa, amma matata za ta san wanda ya hana a duba ubanta. In na yi shiru, na cuci mutum na biyu. Saura kwana shida wata ya ƙare. Jama'a, me zan yi?