Rasuwar Baba Lilo, Malamin da Aka Janye wa Lambar Yabo

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Sashen Fiziks ta samu labarin rasuwar ubanmu, malaminmu, dattijon sashe mai daraja, wanda ɗalibai suka fi sani da Baba Lilo, bayan gajeriyar jinya a asibitin koyarwa na jami'a.

Duk wanda ya zauna a ajin shekarar farko ya san asalin wannan laƙabi. Marigayin yakan rataye ƙwallon ƙarfe da igiya a rufin babban ɗakin lacca, ya jawo shi har kan hancinsa, ya sake shi, ya tsaya ƙyam, 'yan layin gaba suna ta salati, har ƙwallon ya dawo ya tsaya dab da fuskarsa, sannan ya ce, "Wanda ya gane darasin ba ya ƙifta ido." Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a azuzuwan da manyan farfesoshi ke gudu, kuma da yawa daga cikinmu a hannunsa muka daina tsoron lissafi.

Sai dai wannan ƙungiya ba za ta iya yin ta'aziyya ta haɗiye abin da ya faru bana ba. Majalisar masana fiziks ta zaɓi marigayin domin lambar yabon gwanin koyar da ɗaliban digirin farko. Shugaban kwamitin zaɓen, tsohon ɗalibinsa ne da ya faɗi jarrabawa a shekarar farko, Baba ya ajiye shi a gidansa ya sake koya masa daga tushe, kuma shi da bakinsa ya buga waya ya yi masa albishir. Ranar bikin, Baba yana zaune a sahun gaba da mai ɗakinsa da 'ya'yansa mata, cikin sabon ɗinki, aka kira sunan shugaban tsangaya, mutumin da ya daɗe rabonsa da alli. Babu wanda ya gaya wa Baba tun da wuri cewa an sauya sunansa. Daga baya aka ce wai don Baba ba shi da digirin dakta ne. Baba ya tafa tare da jama'a, washegari kuma ya shiga aji.

Yanzu majalisar ta aiko cewa za ta ba shi lambar bayan ransa. Mun isar da saƙon ga mahaifiyarmu, mai ɗakin marigayin, ta ce, "Ku gaya musu bangon falona ya cika da hotunan ɗalibansa, babu wurin ƙusa." Ƙungiya tana tare da wannan amsa, kuma ba za ta halarci taron ba.

Muna miƙa ta'aziyya gare ta, da 'ya'ya, da jikoki, da ɗaliban da ya bari a tsakiyar zango. Allah ya ba su haƙuri da dangana, ya jiƙan malaminmu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa a inda ba a sauya sunan wanda ya cancanta.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu