Tsingaron Ƙasar Sin

Unguwar Faisal, Alƙahira, daren Laraba, 1982

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau malamin tarihi ya kai mu kufan tsohuwar Alƙahira, na tsinci wani koren tsingaro, sumul kamar gilashi. Ya ce fatake ne suka kawo irinsa ta teku daga ƙasar Sin, tun zamanin da. Har yau yana ƙyalli!

Na ce, "Ustaz, bari in kai wa mahaifiyata, maginiyar tukwane ce."

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, ba a fita da shi."

Na ajiye, raina bai so ba. Da Inna ta samu, ƙwanƙwasa shi za ta yi, ta kasa kunne, sannan ta sa wa maginin albarka.