Katantanwar Uwata a Cikin Kwata

Gwaggo Barkisu, don Allah ki taimake ni kafin in ɗaure kayana. Ni 'yar Asante ce daga Mampong, na musulunta shekara huɗu da suka wuce, na auri Abdul-Rahaman, kafinta a unguwar Anloga nan Kumasi. Muna zaune a Zango gidan uwarsa, Inna Habibatu.

Da na haihu, uwata ta hau lori ta zo da kwandon katantanwa masu rai, da hannunta ta tsinto su a daji. A wurinmu abincin mai jego ne. Tun hantsi muke aikinsu. Muka zaro naman da tsinke, muka yanke kayan ciki, muka murje da gishiri da lemon tsami har sau biyar, sai da yauƙin ya fita tas. Yatsun uwata har sun tsage. Miyar kwakwar manja na tafasa Inna ta dawo daga kasuwar Kejetia. Ta buɗe tukunya, ta ɗauka, ta juye a kwata gaban matan gida, wai ba a dafa ƙazantar arna a murhunta. Uwata ba ta jin Hausa sosai, amma kalmar arna ta ji ta. Ta wanke hannu, ta shafa kan jaririn, ta tafi tasha ko ruwa ba ta sha ba. Mijina kuwa cewa ya yi in yi haƙuri, ya koma wurin katakonsa. Haƙurin me? Ina salla, ina azumi, na koyi tuƙa tuwonsu, har yau ni bare ce. Kwana tara ban gaishe da Inna ba. So nake in goya ɗana in bi uwata.

Mai Ɓacin Rai, Zango, Kumasi, 1956

'Yata, an yi miki laifi, ba zan rage masa komai ba. Baƙuwa ta zo barka, an zubar da kyautarta, an zage ta. Ko me ke cikin tukunyar, wannan bai halatta ba.

Amma surukarki ta tashi inda ko kallon katantanwa ba a so, kuma a murhunta kika ɗora ba ki tambaya ba. Ƙyama ta yi, ta kira ta addini. Batun halasci ki kai wa limamin unguwa, shi zai yanke. Ki nemi tukunyarki da murhunki daban.

Babban mai laifi mijinki ne, da ya gani ya kau da kai. Ki faɗa masa a fili: ranar Juma'a ya ɗauki goro da turmin atamfa ya je Mampong, ya durƙusa gaban uwarki. Inna ta aika da gaisuwa ta bakinsa, ko da gajeriya ce. Ke kuma gobe da safe ki gaishe ta, gaisuwa ba ta nufin kin yarda da abin da ta yi. Kada ki tafi da ɗanyen jego. In mijinki ya ƙi zuwa, ki kira dattawan da suka ɗaura auren.

Allah ya raya yaron, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki.

Gwaggo Barkisu